Tunawa da Malam Aminu: Lacca ko Gayya?

Duk ranar 17 ga Afrilu akan tuna da Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a irin wannan rana a 1983. A Gidan Mambayya da ke Gwammaja a Kano akan gabatar da lacca, 'yan siyasa su yabi gudun duniyarsa, a shafa fatiha, kowa ya shige motarsa. Ba laifi. Sai dai manomin rake a Makarfi da mai lambun tumatir a Hunkuyi, waɗanda domin irinsu aka kafa jam'iyyar Malam ta NEPU a 1950, da wuya su ji labarin an yi taron.

Amurkawa sun canza salon tasu ranar. Tun 1986 suke hutun tunawa da Martin Luther King, jagoran neman 'yancin baƙar fata da aka harbe a 1968. A 1994 majalisarsu ta mai da ranar, wato Litinin ta uku a watan Janairu, ranar yi wa jama'a hidima: a gyara makaranta, a ciyar da mabukata. Ranar Mandela ma, 18 ga Yuli, minti 67 na hidima ake roƙon kowa ya bayar.

Mu kuwa muna da gayya tun kaka da kakanni. A sanar da samari, makaɗa su ɗauki gangar noma, mata su dama kunu, kafin azahar an nome gonar dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. Ga shi ranar rasuwar Malam ta faɗo daidai gab da damina. Lokacin ne magudanan ruwa suke cushe da leda da ɓawon rake, lokacin ne iskar farkon ruwa take yaye rufin ajujuwa, yara su koma gindin bishiya. Hanyar da motocin rake suka farfashe tana jiran ruwan farko ta zama taɓo. Da samarin Paki, Gimi, Likoro da Tashar Yari za su fito da shebur da baro a wannan rana, ɗaliban Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi su zauna a kasuwa suna auna wa tsofaffi hawan jini kyauta, da ko yaro ya tambayi wane ne wannan Malam Aminu.

Amma akwai tarko. Cikin abubuwan da 'yan NEPU suka yaƙa har da aikin tilas, inda dogarai ke kora talakawa su share hanya ko su yi noman sarauta ba ko anini. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, ta sha duka da ɗauri a kan irin wannan zalunci da kuma hana matan Arewa jefa ƙuri'a. Lokacin da Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan Kaduna a 1979 a tutar jam'iyyar PRP ta Malam Aminu, haraji da jangali ya soke. A zamaninsa aka kafa kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, wanda ya daɗe yana faɗi-tashi alhali tumatir na ruɓewa a kwanduna. Mutanen nan sauke wa talaka kaya suka yi. Idan aka shirya gayya da sunansu, talaka ya yi gumi yana cike ramin da aka riga aka ware wa kuɗi a kasafi, wani ɗan siyasa ya zo da riguna masu hotonsa ya ɗauki hoto riƙe da tsintsiya, to aikin tilas ne ya dawo da sabuwar riga.

Saboda haka gayyar Malam sai ta haɗa da biro. Waɗanda suka yashe kwalbati da safe su zauna da yamma su rubuta makarantun da ba su da rufi, asibitocin da ba ungozoma, rijiyoyin burtsatsen da suka mutu, unguwa-unguwa. Mata su faɗi nasu da bakinsu, kada a ce wani ya wakilce su. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a Ikara, Makarfi da Hunkuyi, a kuma faɗa musu ranar da za a dawo jin amsa.