Ko Kun Sani? Kakin goge mota a jikin ganye ake samo shi

Man da masu wankin mota a Jega da Aliero ke murza wa mota ta yi ƙyalli, mai kyawunsa yakan ƙunshi kakin carnauba, wanda ake kakkaɓowa daga ganyen wata bishiya 'yar uwar giginya. A arewa maso gabashin Brazil take fitowa, musamman jihohin Piauí da Ceará. Da rani ake yanko ganyen, a shanya shi ya bushe, a bubbuga har farin garin da ke jikinsa ya zubo, sannan a narkar. Ita bishiyar tana yin wannan kaki ne don kada zafin rana ya tsotse mata ruwa.

Ba ya narkewa sai zafi ya haura maki 80 a ma'aunin Salsiyas, alhali kakin zuma tun wajen maki 63 ya zama ruwa. Shi ya sa ranar watan Afrilu ta Maiyama, duk tsananinta, ba ta narkar da shi a kan bonet. Kuma shi ɗin dai ake shafa wa wasu alawoyi da ƙwayoyin magani su yi santsi.