Tambaya a Turanci: Inda 'ya'yan 'yan kasuwar Arewa ke tuntuɓe a Anacha

A Kasuwar Relief da ke Anacha, Jihar Anambra, ciniki tsakanin Bahaushe da Inyamuri kan tafi ne da Turancin buroka. Mai kaya ya ce “How much you go pay?”, mai saye ya taya, a daidaita. Haka lamarin yake a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu. Sai dai yaran da suka tashi a wannan harshe kan kai tsarinsa zauren jarrabawar WAEC ko NECO, inda ake ɗaukarsa kuskure, alhali sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a.

Tushen matsalar jerin kalmomi ne. Hausa ba ta sauya jerin idan za ta yi tambaya. “Sun zo” kan koma “Sun zo?” da sauyin murya kawai, ko a ƙara “shin” ko “ko”. Idan aka kawo kalmar tambaya, lamirin ne ke sauyawa: “Yaushe suka zo?” Buroka ma ba ta juya jerin.

Daidaitaccen Turanci kuwa yakan ɗauko mataimakin aikatau ya sa shi gaban mai aikatawa. “You will pay” sai ya koma “How much will you pay?” Idan babu mataimaki a jimlar, sai a aro “do”, “does” ko “did”, shi ya ɗauki lokacin, aikatau ya koma siffarsa ta asali: “When did the lorry arrive?”, ba “arrived” ba.

Akwai wurare 2 da ba a juyawa. Na farko, idan mai aikatawar ake tambaya: “Who bought the onions?” Na biyu, idan tambayar na cikin wata jimla: “Tell me where the lorry is.” A nan ne wanda ya haddace ƙa'idar juyawa kan zarce ya rubuta “where is the lorry”.

Buroka na da nata tsayayyen tsari, kuma da ita iyaye ke neman abinci, don haka hana yaro ita ba magani ba ne. Abin da zai amfane shi shi ne a jera masa tambaya ɗaya da Hausa da buroka da Turanci, ya ga da idonsa kalmar da ta tashi daga gurbinta.