Daga Tsutsar Tumfafiya Zuwa Malam-Buɗe-Littafi

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram zai ga tumfafiya a gefen titi da cikin saura. Idan ya juya ganyenta, wata rana zai tarar da tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya. Tana da siraran ƙahoni shida a bayanta. Mutane da yawa ba su san cewa ita ce ke zama malam-buɗe-littafin nan mai launin ruwan goro da baƙi a bakin fiffike ba. Ana iya kiwonta a gida, a ga yadda Allah yake juya halittarsa.

Matakai Huɗu

Mataki na farko ƙwai ne. Uwar tana ajiye shi ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin ganye. Bai kai ƙwayar gero ba. Bayan kwana 3 zuwa 5 sai ya ƙyanƙyashe.

Na biyu tsutsa ce. Aikinta ci kawai. Tana saɓa kamar maciji duk lokacin da fatarta ta matse ta. Takan yi kamar mako 2 a haka.

Na uku, sai ta daina ci, ta rataye kanta a ƙasa, ta dunƙule cikin kwanso. Kwanson kore ne ko ja-ja, da ɗige-ɗige kamar zinariya. Ba ta mutu ba, jikinta ne ke sauyawa.

Na huɗu, bayan kwana 8 zuwa mako 2 sai kwanson ya tsage, malam-buɗe-littafi ya fito. Duka tafiyar wata guda ce ko kusa da haka.

Yadda Ake Kiwon

A samu kwalba mai faɗin baki ko robar da aka wanke. A rufe bakinta da guntun tsohon gidan sauro domin iska. A sa ɗan tsinke a ciki inda tsutsar za ta rataye. Tsutsa 2 ko 3 sun isa. A ajiye a inuwa, nesa da tururuwa da hayaƙin maganin sauro.

Kullum a sa sabon ganyen tumfafiya, a zubar da kashinta da tsohon ganye. Ba ta cin ganyen wake ko na dawa, saboda haka kada a ba ta su. Idan ta shiga kwanso, kada a taɓa. Ranar da ya fito, a jira awa 2 ko 3 fukafukansa su bushe, sannan a buɗe masa ya tafi.

Hattara Da Nonon Tumfafiya

Farin ruwan nan na tumfafiya guba ne. Idan ya shiga ido yana kawo zafi da dishi-dishi. Babba ne zai tsinko ganye, ba yaro ba, kuma a wanke hannu da sabulu. Idan ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti. Ita tsutsar gubar ba ta cutar da ita. Ajiye ta take yi a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke gudunta.

Wannan ƙwaro yana da ɗan'uwa a Amurka. Shi wancan yakan yi ƙaura duk shekara daga Kanada da Amurka zuwa Meziko, tafiyar kusan kilomita 4,000.

Amfanin Sani Ga Manomi

Ba kowace tsutsa ce abokiyar gaba ba. Ta tumfafiya ba ta taɓa hatsi. Yi mata feshi asarar kuɗi ne kawai.

Amma akwai mai ɓarna, wato tsutsar masara da aka fara gani a Nijeriya a 2016. Ita ma matakan nan huɗu take bi. Uwarta da dare take tashi, tana zuba ƙwai a dunƙule a ganyen masara. Manomin da ya san haka zai riƙa duba ganye tun shuka tana ƙarama, ya murƙushe ƙwan kafin ya ƙyanƙyashe. Idan tsutsar ta girma ta shige cikin tsakiyar shuka, magani ba ya isa gare ta da sauƙi. Kafin a sayi maganin feshi, a tuntuɓi malamin gona.

Ajin yaƙi da jahilci ma zai iya ajiye kwalba ɗaya. Ɗalibai su riƙa rubuta kwanan wata da abin da suka gani kullum. Ga koyon rubutu, ga lissafi, ga sanin gona. Gani ya kori ji.