Koyar da Ilimin Ƙwayoyin Cuta ta Intanet a Lokacin Korona

A wannan ɗan rubutu ina so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayanin yadda aka koya wa ɗaliban likitanci ilimin ƙwayoyin cuta ta intanet a shekarar 2020, da kuma abin da ya gagari wannan hanya.

An tabbatar da ɓullar korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas, kuma a watan Maris aka rufe makarantu. Da yake ƙungiyar ASUU tana yajin aiki daga Maris har Disamba, jami'o'i masu zaman kansu ne suka fi komawa ga Zoom da WhatsApp.

Wannan fanni ya kasu gida biyu. Kashi na farko karatu ne: sunayen ƙwayoyin, da yadda suke yaɗuwa, da magungunan da ke kashe su. A nan intanet ta yi amfani, domin ɗalibi yana iya maimaita lacca sau da yawa, muddin yana da data da wutar lantarki.

Kashi na biyu kuwa aikin hannu ne a ɗakin gwaje-gwaje. Bari mu ɗauki misalin rinin Gram, wanda wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya ƙirƙiro a 1884. Ana shafa samfur a kan ɗan gilashi, a rina shi da launin shunayya, a zuba aidin, a wanke da sinadarin alkohol, sannan a sake rina shi da ja. A ƙarƙashin madubin likita, bakteriya masu kaurin bango sukan riƙe shunayya, sauran kuma su koma ja-ja. Wankin nan 'yan daƙiƙoƙi kawai yake buƙata. Idan aka zarce, launin sai ya zube, sakamakon ya fito ba daidai ba, ƙarshenta a ba marar lafiya maganin da bai dace da shi ba. Bidiyo yana nuna matakan, amma ba ya ganin kuskuren hannun ɗalibi.

Mu da muka koyi Hausa a aji mun san irin wannan. Littafi yana bayyana bambancin "kara" da "ƙara", amma sai malami ya ji furucinmu kafin ya gyara shi.

Saboda haka, a ganina, lacca tana iya zama a intanet, amma kada a yaye likita sai ya rina samfur da hannunsa a gaban malami.