Gidan da Ake Tsoron Ɗaura Aure

A garuruwan Amurka da dama akwai gidajen da aka tanada wa manya masu naƙasa, kowa da ɗakinsa, ma'aikata na shigowa bi da bi. Da sassafe ma'aikaciya za ta iso, ta cire keken guragu daga cajin da ya kwana a kai, ta ɗaga mai ɗakin daga gado, ta yi masa wanka, ta sa masa tufafi, ta ƙirga masa magani, sannan ta rubuta awannin da ta yi. Da wannan rubutun ake karɓo kuɗin aikinta daga Medicaid, shirin lafiyar marasa ƙarfi da aka kafa a 1965. Mutanen da suka yi shekaru suna cin abinci a teburi guda dole su shaƙu, wasu har soyayya ta shiga tsakani. Amma da zarar an kawo maganar aure sai jiki ya yi sanyi, domin kowa a gidan ya san abin da takardar aure za ta iya jawo masa.

Yawancin mazauna irin wannan gida suna rayuwa ne da tallafin wata-wata da ake kira SSI, kuma a mafi yawan jihohi ta wannan ƙofa ake samun Medicaid. A 2024 cikakken tallafin mutum ɗaya dala 943 ne a wata, amma idan masu karɓa biyu suka yi aure, dala 1,415 za a ba su a haɗe, wato kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Haka abin yake a wajen ajiya: marar aure ba a yarda dukiyarsa ta wuce dala 2,000 ba, ma'aurata kuwa dala 3,000, kuma tun 1989 ba a taɓa wannan iyaka ba. Abin ya fi muni idan wanda za a aura lafiyayye ne mai aiki, domin hukuma za ta ɗauki wani ɓangare na albashinsa da ajiyarsa a matsayin na mai naƙasar. Albashi matsakaici ya isa ya yanke tallafin, kuma Medicaid na iya bin sa ya tafi. Inshorar wurin aiki takan biya kuɗin likita da na magani, amma galibi ba ta biyan mai zuwa kullum ta ɗaga mutum daga gado.

Shi ya sa wasu masoya suke yin bikin alkawari, a sa zobe, a yanka kek, a ɗauki hoto, ba tare da an sa hannu a takardar aure ba. Wannan ma bai fitar da su ba, domin dokar SSI ta ce idan mutum biyu suna zaune tare suna nuna wa jama'a cewa su miji da mata ne, za a lissafa su a matsayin ma'aurata. Sai ka ga mutum yana taka-tsantsan da sunan da zai kira wadda yake ƙauna a gaban baƙo. A ganina babu yadda za a kira wannan adalci.

Masu kare dokar suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce aure ɗaukar nauyin juna ne, kuma mutum biyu a ɗaki guda ba sa kashe abin da za su kashe a ɗakuna biyu. Gaskiya ne a kan kuɗin haya da na wuta. Sai dai keken guragu ba a yin tarayya a kansa, magani ba ya raguwa don an ɗaura aure, kuma idan ango da amarya duk ba sa iya tashi da kansu, wa zai ɗaga wa? Ko da matar lafiyayya ce, ba za ta iya fita neman abinci ba kuma ta zama mai jinya dare da rana. Masu cewa ana tsare dukiyar jama'a su ma ya kamata su duba da kyau: wanda ya fasa aure don tsoron doka yana nan yana karɓar cikakken tallafinsa, gwamnati ba ta rage ko kwabo a kansa ba, aure kawai ta hana.

Majalisar Amurka ma ta san wannan matsala. Tun 1988 ta yi dokar da ke kare wadda mijinta ya shiga gidan jinya ko wanda matarsa ta shiga, yadda a 2024 wanda ya rage a gida zai iya riƙe har dala 154,140 ba tare da majinyacin ya rasa Medicaid ba. Idan an yarda bai kamata jinya ta talauta auren da aka riga aka ɗaura ba, da wace hujja za a bar ta ta hana wanda ba a ɗaura ba? A 2023 sanatoci Sherrod Brown da Bill Cassidy, ɗaya daga kowace jam'iyya, suka kawo ƙudurin ɗaga iyakar ajiya ta SSI zuwa dala 10,000 ga mutum ɗaya da 20,000 ga ma'aurata, amma majalisar ta ƙare wa'adinta bai zama doka ba. Ko da ya wuce, rabin aikin ne. Abin da ya dace shi ne a auna bukatar kulawa da jikin mai naƙasa, a daina auna ta da albashin wanda ya aure shi.