Amsoshin Wasiƙunku: Yadda Budurwa Za Ta Fara Kwalliya Ba Tare Da Ta Cuci Idonta Ba

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah a Damaga, jihar Zamfara. Ta ce 'yarta ta isa kwalliya, ga biki ya matso, maigida kuma zai ci kasuwar Talata Mafara. Shi ne take tambaya, me za a sayo, kuma yaya yarinyar za ta yi amfani da shi lafiya?

To, malama, mun gode da wannan tambaya. Kaya ba sai sun yi yawa ba. Sabulun salo, man kaɗanya, hoda, jan baki, jagira, madubi da ƙyalle mai tsabta sun isa mai farawa. A samo mata kwano mai murfi ta riƙa adana su, don ƙura da ƙuda kada su hau. Abin da aka ƙunso a kwalba ko kwali kuwa, maigida ya duba lambar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa. In bai iya karantawa ba, ya ba wani ya duba masa kafin ya biya.

Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Ta fara wanke hannu da sabulu, sannan ta wanke fuska da ruwa mai kyau, ba na tafki ko kududdufi ba. Ta shafa mai kaɗan, ta bari ya sha, sannan hoda ta biyo. Da dare ta wanke komai kafin ta kwanta, domin kwana da hoda yana toshe ƙofofin fata, ya kawo ƙuraje. Soson hoda a wanke shi duk mako, a shanya a rana.

Sai maganar aro. Mun san a gidan biki tandu ɗaya yakan zaga 'yan mata goma. To, ta nan ciwon idon nan da ake kira Afolo yake bi. Tsinken kwalli ya shiga idon mai ciwo, ya fito, ya shiga na mai lafiya, shi ke nan. Kowa ta riƙe nata. Kada a jiƙa tsinke da yawu, in kuma ido ya yi ja, a dakata da kwalli sai ya warke.

Yanzu ga babbar magana, ki saurara da kyau. Yawancin kwallin dutse mai ƙyalli da ake niƙawa, dalma ce a cikinsa. Ku mutanen Zamfara kun san dalma. A shekarar 2010, gubarta daga dutsen zinariya da ake daka a gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A shekarar 2012 kuma, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston, da aka sami dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce.

Kin ga, yaro zai murza ido ya kai hannu baki, hawaye ma yakan gangara da kwallin ta hanci zuwa maƙogwaro. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, ba ta kuma nuna kanta da wuri. Saboda haka kwallin dutse kada ya je idon jariri, mai ciki da mai shayarwa ma su bar shi. Budurwa ta nemi na fensir mai rajista.

Lalle kuwa, jan nan na gida ya fi. Baƙin da yake kamawa nan take, sau da yawa maganin rinin gashi ake zuba masa, yana ƙona fata. Man bilicin ma a yi nesa da shi, domin wasu na ɗauke da sinadaran da ke ɓata fata da ƙoda.

Malama, Allah ya kai mu bikin lafiya, ya sa albarka. Sai mun ji daga gare ku a mako mai zuwa.