Ina Tenere a Wannan Hoton?



Yau hoto za mu duba, masu sauraro, don haka ku bar kunnuwanku su yi muku aikin ido. Ga shi a gabana. Wani matashi ne ya ɗauko shi da waya a hamadar Tenere, gabas da Agadas, ya ce in faɗa masa gaskiya. Sama ta yi ja wur, rana na dab da taɓa ƙasa, ga raƙumi ɗaya a tsaye, baƙi ƙirin. Duk wanda ya gani sai ya ce masha Allah, ni ma na ce. Amma ƙanena, ina Tenere take a ciki?

Rabin hoton daga ƙasa duhu ne zalla. Haka kyamara take: in ka auna ta da rana, sai ta rage hasken da ke shiga don kada sama ta ƙone, ƙasa kuma ta tafi a duhu. Jan nan ma an cika masa gishiri. Irin wannan faɗuwar rana ai ana samun ta a bakin kogi a Yamai, ana samun ta daga kan dutsen Dala. Wanda ya sha rana da ƙura har Tenere bai kamata ya dawo da abin da zai samu a kan soron gidansu ba.

Adon da yamma ke yi wa hamada a jikin rairayi yake. Da tsakar rana komai fari fat, babu tudu babu kwari. Amma in la'asar ta yi sakaliya, haske ya kwanto ta gefe, sai kowane tudu ya rabu biyu, gefe kamar garwashi, gefe inuwa mai shuɗi-shuɗi. Ƙananan layukan da iska ta zana su fito kamar zanen ƙwarya, har sawun ƙwaro ka gani. Duk wannan sai ka bar rana a kafaɗarka ko a bayanka. Kuma ba a nawa, domin a ƙasashenmu almuru ba ya daɗewa, a lokacin hunturu ma hazo kan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba.

George Steinmetz, Ba'amurken da ya riƙa ɗaukar hamada daga sama cikin laima mai inji, yana da wani sanannen hoto daga Oman. Raƙuman kansu ƴan ɗigo ne da ƙyar ake gane su, inuwarsu ce ta miƙe a kan yashi da wuya da tozo da ƙafafu. Rana ce ta yi aikin duka, amma ba ta cikin hoton.

Sai raƙumin naka, kuma nan ne abin ya fi damuna. Na waye? Ina ya nufa? Ta wannan hamadar ayarin Azbinawa ke ratsawa bayan damina zuwa Fachi da Bilma, tafiyar sama da kilomita 500 daga Agadas, su kai gero, su dawo da kantun gishiri da dabino, gishirin da ke ƙarewa a kasuwannin ƙasar Hausa. Mutanen nan suna da fuska, suna da madugu, suna taimama in magariba ta yi. Ka mai da dabbarsu kwalliya, su kuma ka bar su a waje. Da ka yi musu sallama ka nemi izini, ka durƙusa ka ɗauki hannun da ke ɗaure igiyar kaya cikin wannan jan hasken, da ka zo mana da labari.

Akwai dai wani abu da ya burge ni. Can a kusurwar hagu, inda duhun bai gama rufewa ba, ga sawun ayari ya ratsa tudu, iska ta fara share shi. Na fi minti biyar ina kallon wannan kusurwar.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.